Jirginmu Ya Koyi Duba Agogo

Jama'a, ku yi mini sannu. Ƙafata ta dama tana cikin daron ruwan zafi da gishiri nake rubuta muku wannan, babban yatsan ya kumbura ya yi suntum, farcen ya yi baƙi ƙirin. Ɓauna ce ta taka ni da asubahin yau, irin ta gida da ake kiwo a nan. Ba wata baƙuwar ɓauna ba kuwa, Karuppi ce ta Mariyadas mai shayin tasha, wadda na yi shekara da shekaru ina shan madararta ina yaba mata. Matata ta ce maganina ke nan, me ya haɗa mai aski da turin ɓauna? Tambayarta tana kan hanya. Tun da yau ba ni da ƙafar tsayuwa a kan kan kowa, bari in zauna in amsa mata, ku ma ku sha labari.

Duk wanda ya san Nandukarai ya san jirginmu. Ɗaya ne tilo, tarago uku. Yana baro Pudumandi da la'asar, ya ratsa fadamar gishiri yana nishi, ya iso mana da magariba, ya kwana a nan, don daga mu sai teku. Da safe ya koma. A jikin allon tasha an rubuta cewa yana tashi shida saura kwata. Tun zamanin kakana rubutun nan yake, ana sabunta masa fenti, kuma ban taɓa jin wanda ya ɗauke shi da zafi ba. Jirginmu yana tashi ne idan kwale-kwale sun dawo. Su kuwa kwale-kwale ba sa shigowa sai ruwa ya cika ya rufe tudun yashin bakin kogi, wata rana da fitowar rana, wata rana sai hantsi ya dubi ludayi. In sun shigo, mata su yi cinikinsu a kan yashi, su cika kwanduna, su taho a guje ruwan kifi yana bin wuyansu. Shugaban tasha, Arokiyasami, ya leƙa ya ga ta ƙarshe ta cusa kwandonta, sannan ya busa usur. Mai zuwa asibiti da mai zuwa kotu da mai kai goron biki, kowa teku yake kallo ya san lokacin fitowa daga gida. Ban taɓa jin jirgi ya bar wani ba.

Muna zaman zamanmu sai Allah ya tarfa wa garinmu nono. Aka yi sabon babba can a birni. Kada ku tambaye ni sunansa, ina da iyali. Mu dai a nan muna kiransa Mai Girma Sarkin Agogo, Uban Daƙiƙa, Garkuwan Minti, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Wai bawan Allahn nan ya shiga ofis ya tarar akwai wani jirgi a ƙarshen duniya da yake makara kullum tun kafin a haife shi, sai hankalinsa ya tashi, abinci ya ƙi shiga. Ku ji tausayi irin na manya. Mu da abin ya shafa muna barcinmu har da minshari, shi yana can yana juyi a kan katifa saboda mu.

Da farko alheri ya fara aiko mana. Aka kawo agogo mai faɗin tiren biki aka rataya. Aka shafe tasha da fenti, ɓangaren da ke kallon titin mota kawai, don ta nan baƙi suke shigowa. Aka kafa famfo mai sheƙi wanda har yau ko tari bai taɓa yi ba. Sannan aka gina mana gadar sama, mai matakala da rufin kwano, don mu riƙa tsallaka layin dogo lafiya. Layin guda ɗaya ne, dandamalin guda ɗaya ne, jirgin guda ɗaya ne, kuma in ka hau gadar ka sauka ta ɗaya gefen, cikin laka da ƙaguwa za ka tsinci kanka. Awaki dai sun gode, sun sami wurin shan iska.

Bayan alheri sai ga umarni. A kujerata na ji shi, ranar da Arokiyasami ya zo gyaran fuska. Na shafa masa kumfa na ɗora aska, sai ya ce, "Sokku, bi maƙogwaron nan a hankali. Ko da yake in ka yanka ma ka hutar da ni."

"Subhana! Me ya yi zafi, Yallaɓai?"

"Daga gobe abin da allo ya faɗa shi jirgi zai yi. In ya ƙara minti ɗaya, a bakin fanshona. Saura mini shekara guda fa, Sokku."

"Ba ka gaya musu zancen teku ba?"

"Na gaya musu. Suka ce teku ba ta cikin ma'aikatansu."

"To kifin fa?"

"Sun ce in kifi yana son hawa jirgi ya riƙa sammako."

Na tsaya da aska a hannu ina kallon mutumin nan a madubi. Shekarunsa masu yawa a tasharmu, duk wata mai kwando ya san sunanta da na uwarta. Ban ga laifinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni na fi kowa sanin wannan.

Tun daga ranar jirginmu ya zama abin misali. Shida saura kwata, ko kaji ba su gama saukowa ba, sai ka ji ya yi kuka ya ja jiki. Direba a gaba, mai duba tikiti a baya, a tsakiya kujeru suna hira da junansu. Ba ƙarni, ba hayaniya, ba wadda za ta ɗiga maka ruwan jatan lande a farin zanenka. Tsaf-tsaf, wayam, a kan lokaci. Madalla da ci gaba! Ashe duk shekarun nan fasinjoji ne suke ɓata mana jirgi ba mu sani ba.

Yanzu bari in gaya muku wadda ta sa na tsoma ƙafata a abin da ba ruwana. Akka Anjalai, wato Yaya Anjalai a bakinmu, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ta riƙa goya ni in uwata ta tafi ɗiban ruwa, shi ya sa har yau da furfurata ba ta kirana sai Tambi, ƙane, ni kuma ba ni da bakin musu. Mijinta teku ta ɗauke shi tun tana da sauran ƙuruciya. Da kwando ɗaya ta rayar da 'ya'ya huɗu, yanzu kuma tana kan jikoki.

A kasuwar Pudumandi, ƙarƙashin tsamiya, akwai jerin duwatsu masu faɗi inda matan garinmu suke baza kifi. Kowace da dutsenta, daga uwa zuwa 'ya. Na Akka har da wani ɗan rami a gefe, inda wuƙar kakarta ta cinye shi. Ba takarda, ba haya. Dokar guda ɗaya ce, kuma ko yaron goye ya san ta: dutsen da ya bushe daga jinjirin wata zuwa jinjirin wata, ba a jiƙa shi da ruwan ɗanyen kifi a kasuwar safe ba, mai shi ta mutu ko ta haƙura. Dattawan kasuwa su ba wani.

Wanin kuwa yana nan a tsaye yana lashe baki. Kanagasabai, mai gidan ƙanƙara da manyan motoci. Tun da jirgi ya daina jiran mata, shi yake tsayuwa a bakin teku da laimarsa ya sayi kifi yadda ya ga dama, don in ba ka sayar masa ba sai ka sayar wa hankaki. Ƙanƙara kuma ba ya sayar wa mai kwando, wai ba ta isa ba, alhali kullum ana zubar da ragowarta a kwata. Duwatsun nan yake so ya jera yaransa da akwatunan kifi mai farin ido. Wasu matan tuni sun saki nasu. An ce a ofishinsa akwai hotonsa da wani babba suna dariya kafaɗa da kafaɗa. Ni ban gani ba, ban kuma ce komai ba, a bar kaza cikin gashinta.

Akka ba ta zauna ba. Ta tare bas, kwandasta ya toshe hanci ya ce, "Iya, ko ke ko kwandon, ɗaya zai hau." Ta ɗauki hayar keke mai ƙafa uku, titin ya zagaya da su bayan fadama, suka isa rana tsaka, kasuwa ta watse, kifi ya saki jiki. Haka wata ya yi ta lalacewa a sama muna kallo, har ya rage kwana ɗaya.

Jiya da yamma na leƙa na same ta a ƙofar ɗaki tana wasa wuƙa, wuƙar da ta yi kusan wata ba ta yanka komai ba.

"Akka, kin ci abinci kuwa?"

"Tambi, rabu da ni da zancen abinci." Ta tofar da jan yawun ganyen da take taunawa. "A kan dutsen nan naƙudata ta kama uwata. A kansa na koyi fere kifi ina tsaye a kan bulo. In na mutu na tarar da ita ta ce, Anjalai, ina dutse? In ce mata me? In ce agogo ya cinye?"

Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ni ne na juya baya. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, na fita ban san inda zan nufa ba, ƙafa ta kai ni teburin Mariyadas.

A can na ji sauran labarin. Wai saboda jirginmu ya yi wata guda bai makara ba, Mai Girma da kansa zai zo da safe ya ba tasha kofi, ya ɗaga koriyar tuta da hannunsa mai albarka. Mariyadas ya ɗaga shayi sama ya tsiyayo shi cikin ɗaya kofin, ya rage murya.

"Sokku, ka san direba ba ya motsi in akwai dabba a kan layi. Doka ce, ba laifin shugaban tasha."

"To?"

"Ka san Karuppi in ta kwanta, ko gwamna bai isa ya tashe ta ba."

"In Mai Girma ya makara fa? Ai ba sai mun wahalar da baiwar Allah ba."

"Haba Sokku! Bikin kiyaye lokaci ne fa. Gobe kam ko don kunya zai zo da wuri."

Kun ji inda muka yi wauta. Ni da na ga zuwan manya iri-iri, na ga 'yan makaranta suna faɗuwa a rana da furanni a hannu suna jira, wai ni ne na yarda babban mutum zai ji kunya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da asuba muka ja Karuppi, Mariyadas a gaba da igiya, ni a baya ina turi ina lallashi. Muna gab da layi sai ta ɗaga kai ta hango ƙofar tasha. An kafa kututturan ayaba hagu da dama da nunannun 'ya'yansu, an yi baka da ɗanyen ganyen kwakwa, an rataya furanni, duk don tarbar Mai Girma. Karuppi ta ce salamu alaikum. Ta juya da mu gaba ɗaya kamar tsumma. Ni sarkin jarumta na sha gabanta na buɗe hannuwa, ita kuwa ta ɗora kofato a kan yatsana ta tsaya tana tunani. Ihun da na yi, an ce har masu kamun ƙaguwa sun ji. Ta wuce ta cinye rabin maraba da zuwan. Na yafe mata duniya da lahira, don a duk garin nan ita kaɗai ce ta taɓa cin wani abu daga kuɗin gyaran tasha.

Na zauna a bakin dandamali ina riƙe da ƙafa. Dabara ta rushe. Akka tana can bakin teku da kwando tana jiran kwale-kwale, ta yarda da ni na ce mata jirgi zai jira. Zafin yatsa daban, kunya daban.

Babban agogo ya nuna shida saura kwata. Direba ya danna ƙaho. Arokiyasami, cikin farin kaya da hula, gumi yana bin kunnensa, ya dubi koriyar tuta a kan faranti, ya dubi titi. Ba mota, ba ƙurar mota. Sai ya matsa wurin sakataren Mai Girma, wani siririn mutum mai tabarau da aka turo tun jiya ya shirya rumfa.

"Yallaɓai, lokaci ya yi. In sallame shi?"

"Ka sallami wa? Kada jirgin nan ya motsa sai Mai Girma ya ɗaga tuta."

"To, lokacin fa, Yallaɓai?"

"Lokaci yana tare da Mai Girma. A mota ɗaya suke tafe."

Jama'a, na manta da yatsa. Na dubi Mariyadas, Mariyadas ya dube ni. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Muna ta fama da ɓauna mai ƙafa huɗu, ashe Allah ya tanadar mana wanda ya fi ta iya kwanciya a kan layi. Nan take na ce wa Mariyadas ya hau gadar sama, don daga can ana hango bakin kogi tar. In kwale-kwale ba su shigo ba ya bar tawul ɗinsa a ka, in sun shigo ya kaɗa shi. Ranar farko ke nan da ɗan Adam ya hau gadar nan da dalili.

Rana ta fito ta yi tsawon sanda, sannan muka ji jiniya. Motoci suka jero kamar ayarin tururuwa, ta titi mana, wa zai sa Mai Girma a jirgi? Ya fito, farin kaya har ƙasa, agogon zinariya a hannu, ya ɗaga mana hannu biyu. Na ɗaga kai na dubi gada. Tawul yana kan Mariyadas.

Aka ba shi abin magana. "Jama'ar Nandukarai," in ji shi, "lokaci ba ya jiran kowa." Muka kaure da tafi. Ya ce al'ummar da ba ta girmama minti ba za ta ga shekara ba. Muka ƙara tafi har da guɗa. Duk inda ya ja numfashi sai mu cika wurin da tafi, mu ƙi dainawa sai ya ɗaga hannu. Amma komai daɗin jawabi yana da gindi. Sai gani na yi ya ce na gode, ya miƙa hannu wajen faranti. Tawul yana nan a kan Mariyadas kamar an manna shi.

Ban san lokacin da na miƙe da ƙafa ɗaya ba. "Ranka ya daɗe! Mayafi! Ba a yafa maka mayafi ba!"

Kun san dai babba ba ya sauka daga rumfa a ƙasar nan sai kowace ƙungiya ta yafa masa mayafin girmamawa a kafaɗa, ta faɗi 'yan kalmomi, shi ma ya mayar, mai hoto ya ɗauka. Ƙin karɓa kuwa zagi ne, kuma zaɓe yana tafe. Mai Girma ya janye hannu daga tuta ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta yi fes.

Matsalar ita ce mayafi biyu ne kacal a wurin. Ɗaya ruwan ɗorawa, wanda tasha ta saya, ɗaya shuɗi, wanda surukina ya yafa mini ranar bikin 'yata, matata ta ruga gida ta ɗauko. Amma manya suna da wata ɗabi'a mai kyau: da an yafa an ɗauki hoto, sakatare ya zare ya jefa bayan rumfa ko kallo ba ya yi. A bayan rumfar na ajiye matata. Ita da ta ce ba ruwanta da haukata, sai ga ta tana cafewa tana ninkewa tana miƙawa ta gefe kamar ta shekara tana yi.

Arokiyasami ya fara, a madadin ma'aikatan tasha. Na bi baya ina ɗingishi, a madadin Ƙungiyar Masu Aski ta Nandukarai da Kewaye, wadda ni ne shugabanta, ni ne ma'ajinta, ni ne kuma mambanta da ba ya zuwa taro. Mai kula da haikali ya zo da shuɗi. Fada ya zo daga coci da ruwan ɗorawa. Liman ya zo da shuɗi, ya haɗa da addu'a mai tsawo, Allah ya saka masa, ban taɓa jin daɗin tsawon addu'a irin na yau ba. Masu ɗinkin raga suka zo. Masu kwasar gishiri suka zo. Tsofaffin ɗaliban makarantar da ambaliya ta cinye suka zo su uku, kowanne da jawabinsa. Wani kurma da ya zo kallo muka tura shi a madadin masu sauraron rediyo.

Sakatare ya fara tsarguwa. Ya leƙa bayan rumfa ya ce wa matata, "Ke, shuɗin nan ba shi na gani ɗazu ba?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Yallaɓai, masaƙi ɗaya gare mu a garin."

Mutane suka ƙare, tawul bai motsa ba. Na naɗe kaina da ƙyallen aski na sake hawa, a madadin Ƙungiyar Waɗanda Ɓauna Ta Taka. Mai Girma ya riƙe hannuna ya ce gwamnati tana sane da halin da muke ciki, kuma za a kafa kwamiti. Ina cikin godiya na saci kallon gada. Mariyadas yana kaɗa tawul yana tsalle kamar wanda kunama ta harba.

Sun shigo! Amma da saura. Sai an sauke kifi, sai an yi ciniki, sai an yi gudun nan daga yashi zuwa tasha. Mai Girma ya sake miƙa hannu wajen tuta. Na riƙe abin maganar da hannu biyu na durƙusa da gwiwa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya, don 'ya'yanmu su amfana. Yaya aka yi ka koyi kiyaye lokaci haka?"

Allah Sarki. Idonsa ya kawo ruwa. Ashe akwai agogon mahaifinsa. Ashe akwai wani malaminsu na firamare mai bulala. Ashe ya taɓa zuwa wata ƙasa mai sanyi inda jirgi yake ba da haƙuri in ya makara da daƙiƙa. Muka bi shi ƙasar nan muka dawo, muka sake komawa don ya manta bai gaya mana abin da ya ci a can ba. Sakatare yana ta nuna masa agogo, shi kuwa yana ture hannunsa.

Ƙarnin ne ya fara isowa. Ban taɓa sanin ƙarnin kifi yana da daɗi haka ba. Sai ga su sun ɓullo ta bayan gidan gishiri, kwanduna a ka, bakin zanensu na sari a soke a ƙugu, ruwa yana zuba, Akka Anjalai a gaba da shekarunta da komai tana haki kamar za ta faɗi. Sakatare ya daka tsalle ya tare ƙofa.

"Kai! Kai! Ina za ku da wannan wari? Ba ku ga Mai Girma ba?"

Mai hoto ne ya cece mu, Allah ya yi masa albarka. "Bar su, Yallaɓai! Tun safe nake neman fasinja. Wa zai buga hoton jirgi wayam?"

Suka dure cikin taragu, kwando bisa kwando, ana zagi ana dariya kamar da. Akka ta tura nata ciki, ta sa ƙafa ɗaya a matakala, sannan ta waiwayo ta haɗa tafin hannu ta dubi Mai Girma.

"Ɗana, Allah ya ƙara maka tsawon rai da tsawon magana."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya toshe hanci da hankici da hannun hagu, ya ɗaga koriyar tuta da na dama. Jirgi ya yi kuka ya ja. Babban agogo a saman kansa yana neman tara.

Arokiyasami ya matso da alƙalami. "Yallaɓai sakatare, ƙarfe nawa zan rubuta ya tashi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Shida saura kwata mana. Mai Girma yana makara ne?"

Aka miƙa masa kofin kiyaye lokaci, aka tafa, motoci suka tafi da mayafin ruwan ɗorawa. Shuɗin dai matata ta zauna a kansa.

Ɗazu da magariba jirgi ya dawo. Ina nan zaune da ƙafa a daro sai ga Akka ta shigo ba sallama, kwando wayam, ta dire mini ƙullin man zafi da ɗan ƙunshin alewa.

"Tambi, dutse ya sha ruwa."

"Kin same shi, Akka?"

"Na tarar yaran Kanagasabai sun sauke akwatuna a gefensa suna jiran rana ta yi sama. Na ce ku matsa, 'yan nema. Na juye ruwan kwando a kansa har ya fantsama musu a takalma. Dattawa suka gyaɗa kai." Ta murza yatsunta. "Na sa hannu a ramin wuƙar kakata. Ƙura ce ta cika shi, Tambi. Sai da na wanke."

Na ce mata to alhamdu lillahi, an gama. Ta dube ni irin kallon da take mini tun ina bayanta.

"An gama me? Wata ɗaya muka samu. Gobe da asuba zai tashi ya bar mu, jibi ma haka. Wa zai yi mana jawabi gobe?"

Ta ɗauki kwandonta ta fita, na ji tana kiran jikokinta su zo su ci abinci. Daɗin da nake ji tun safe ya bi ruwan daron nan ya huce.

To, ga inda muka tsaya, ni da Mariyadas. Famfonmu ba a taɓa ƙaddamar da shi ba. Gadar sama ba a yanke mata ƙyalle ba. Akwai benci, akwai ƙofar makewayi, akwai ɗaya ɓangaren bangon da ba a shafa wa fenti ba. In aka bi su ɗaya-ɗaya, kowane ƙarshen wata guda, za su kai dutsen Akka baɗi. Saboda haka duk wani babba da jawabi ya tokare masa maƙogwaro bai sami masu tafi ba, ƙofar Nandukarai a buɗe take. Muna da ƙungiyoyi, muna da shuɗin mayafi wankakke, ɓaunar ma za mu ɗaure ta. Roƙonmu ɗaya ne, ranku ya daɗe, kada ku zo a kan lokaci. Ko da yake matata ta ce in goge wannan, wai ɓarnar tawada ce, ba a roƙon kifi ya yi iyo.